Sumbul Ta Maimaita Aji Bakwai

Malama Rubina ta rubuta lissafi a allo, ta ce a kwafa, ta koma kujerarta ta ɗauki waya. Lissafin jiya ne, shi ne kuma na shekaranjiya, lamba ɗaya kawai ta canja. Kafin Malama ta gama gyara zama Sumbul ta warware shi, ta ajiye biro, ta zuba wa fanka ido tana juyi a sama kamar an yi mata dole.

Ita ce ta fi kowa tsawo a aji bakwai. Bencin ya yi mata kaɗan, gwiwoyinta na gugar katakon tebur. A gefenta ƙaninta Shahzeb ne, ya duƙufa yana zana lambobin ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje. Ta bayan bango tana jiyo 'yan aji takwas, har tana iya tsinto muryar ƙawarta Nimra tana karanta yadda jini ke zagaya jiki. Bara tare suka zauna a ajin nan, Sumbul ta zo ta ɗaya, Nimra ta uku.

Ta ɗaga hannu. "Malama, ba za mu shiga babi na gaba ba?"

Malama ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Kowa ya gama?"

"A'a, Malama!" ajin ya amsa baki ɗaya.

"To kin ji. Jirgin ƙasa za ki kama ne? Zauna."

Wani yaro daga baya ya maƙale murya ya ce, "Ku yi sauri mana, kakar aji na tsoron kada tsufa ya riske ta a nan." Aka tuntsire da dariya. Shahzeb ya ƙara sunkuyar da kai.

Makarantar ta Kureshi Sahib ce, wani gida mai ɗakuna shida a lungun bayan kasuwar garin Shujabad, a ƙasar Pakistan. Ba a taɓa jin wanda ya faɗi jarrabawa a cikinta ba, da wannan ma take tallata kanta. In jarrabawa ta matso sai a rubuta tambayoyi da amsoshinsu a allo, a ce a haddace. Littafin shekara guda da ƙyar ake kai rabinsa, sauran rabin a ce ba ya cikin manhaja.

Sumbul ba faɗuwa ta yi ba. Ranar da ta kawo sakamakon bara gida, mahaifinta Malik Ashfak, mai shagon taki da maganin feshi, yana zaune a gadon igiya yana cin abincin rana. Ya duba takardar, ya ce madalla, ya ci gaba da gutsurar gurasar roti.

"Bana Shahzeb zai shiga aji bakwai," ya ce. "Ke ma a nan za ki zauna. Na yi magana da Kureshi Sahib."

"Abbu, ai na ci. Ni ce ta ɗaya."

"Shi ya sa. Ke ba abin da zai rage miki. Shi kuwa karatun ya fara yi masa nauyi, yana bukatar wani a kusa da shi."

Kakarta ta wajen uba, wadda duk gidan ke kira Dadi, ta ce daga inda take jan carbi, "Shekara ɗaya ce fa, ba goma ba. Ina za ki da sauri? Yaron nan shi zai riƙe shagon, shi zai ɗauki gawarmu. Ke wata rana gidan wasu za ki."

Sumbul ta dubi mahaifiyarta, wadda suke kira Ammi. Ammi ta juya roti a kan kasko, ta sake juya shi, ko da yake ya riga ya gasu.

Da farko Sumbul ba ta saki jiki ba. Ta aro littattafan Nimra, tana ɗora su a cinya a ƙarƙashin tebur tana karantawa yayin da ake kwafa. Ran da Malama Rubina ta kama ta sai ta miƙa mata alli, ta ce, "Tunda kin fi ƙarfin ajin, zo ki karɓa." Ta fice shan shayi a ofis.

Sumbul ta yi murna. Ta ɗauka za ta iya jan ajin gaba, kowa ya huta. Ta fara yi musu bayanin dalilin da ya sa ake juya lamba in za a raba, tana zana mangwaro a allo tana yanka shi gida-gida. Wasu yara uku a gaba suka fara ganewa, idanunsu na haske. Sauran suka yi ta buga tebur.

"Ke dai rubuta mana amsa!"

Ba a jima ba wata uwa ta zo makaranta da faɗa, wai ana ba ɗanta aikin da ya fi ƙarfinsa har yana kuka. Kureshi Sahib ya kira Malama ofis. Da ta fito ta karɓe allinta, aka koma shafin da aka baro.

Bayan an tashi Sumbul ta tsaya ta same ta. Malama Rubina ba ta girme ta da yawa ba, ga ramewa, ga takalmi da ya sha ɗinki.

"Malama, wallahi in muka ci gaba a haka ko rabi ba za mu kai ba."

"Na sani, Sumbul. Kina tsammanin ban sani ba? In na yi sauri iyaye su ce 'ya'yansu ba sa ganewa, su kwashe su zuwa makarantar lungun gaba, Sahib ya nuna mini ƙofa. Ni ma ina da ƙanne a gida. Ki yi shiru ki wuce shekarar nan, don Allah."

A gida kuwa, kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa musu tabarma ita da Shahzeb. A nan ta gano abin da makaranta ta shekara shida tana rufewa: yaron bai iya karatu ba. Yana iya kwafar shafi guda tsaf, amma in ta nuna masa kalma ta ce karanta, sai gumi ya keto masa.

"Baji," ya ce mata a hankali, haka yake kiranta tunda ita ce yayarsa, "baƙaƙen juyawa suke yi. In na kama wannan sai wancan ya gudu."

Tausayinsa ya kama ta. Ta ɗauko littafin 'yan aji ɗaya ta fara da shi daga tushe, baƙi-baƙi. Ya fara kamawa kaɗan-kaɗan, har wata rana ya karanta rubutun jikin gwangwanin madara da kansa, ya yi tsalle. Sai Dadi ta leƙo ta ga littafin.

"Mene ne wannan? Ɗan aji bakwai kike zaunarwa da littafin jarirai? In maƙwabta suka gani fa? Wulaƙanta shi za ki yi don a ce ke ce mai ilimi?"

"Dadi, bai iya ba ne, shi ya sa..."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Yi masa aikin da aka ba shi, ki bar yaro ya je ya sha iska."

Dadi ta tafi da littafin. Daga ranar Sumbul ke rubuta aikin gida sau biyu, ɗaya da hannunta, ɗaya da karkataccen rubutu irin nasa.

Bayan hutun zafi Nimra ta zo mata da labari. Akwai makarantar kwana ta 'yan mata a birnin Multan, kyauta, ana shiga ta hanyar jarrabawa mai tsauri. 'Yan aji takwas kaɗai ake ɗauka, kuma wadda ta cika shekara sha biyar ba ta ciki. Sumbul ta lissafa a ranta. Bana tana ciki, baɗi ta wuce.

Washegari ta tsaya a ƙofar ofishin Kureshi Sahib har ya ba ta izini. Mutum ne mai fara'a, gemunsa ja da lalle.

"Sahib, a mayar da ni aji takwas. Duk abin da suka yi na karanta. A gwada ni yanzu ma."

"Ai ba sai an gwada ki ba, 'yata. Ke ce hasken makarantar nan." Ya yi murmushi. "Amma mahaifinki ne ya nemi haka, ni kuma ba na shiga tsakanin uba da 'yarsa. Maimaici ma ai alheri ne, tushe yake ƙarfafawa."

"Sahib, ba abin da muke yi a ajin. Tun kafin hutu shafi ɗaya muke kai."

Fara'ar ta ragu. "Mu a nan ba ma barin kowa a baya. Koma aji."

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Abbu na tsaye a tsakar gida, ko takalmi bai cire ba.

"Ƙarata kika kai wajen bare?"

"Ba ƙara ba ce, Abbu. Jarrabawar Multan ce. In ban yi bana ba..."

"Sai ki yi baɗi."

"Baɗi shekaruna sun wuce."

"To makarantu sun ƙare ne a duniya? Ƙaninki ne fa, ciki ɗaya. Shekara guda ta gagare ki saboda shi? Wane irin son kai ne wannan karatun yake koya miki?"

Hawaye suka sauko mata. Da yamma ya dawo daga shago da awarwaron gilashi kore, ya ajiye mata a gefe, ya dafa kanta. Abbu ba mugu ba ne. Da mugu ne da ta san inda za ta ajiye baƙin cikinta.

Da sanyi ya shigo aka yi jarrabawar tsakiyar shekara. Sumbul ta zauna da takardar kimiyya a gabanta, tambayoyin nan da aka sa su haddacewa. Tambaya ta farko: yaya tsirrai ke samun abincinsu? Ta rubuta layi biyu daidai. Sai wani abu ya taso mata a ƙirji, ta ci gaba da rubutu da kyakkyawan hannunta: a wanke wake a jiƙa shi, a yanka albasa a soya har ta yi ja, a zuba tafarnuwa da citta, kada a cika gishiri. Ta cika shafi biyu da girkin miyar Ammi. A lissafi kuma da gangan ta bi kowace tambaya ta sa amsar da ba ita ba. Shahzeb na gefe yana kwafa kamar kullum.

Kwanaki suka shuɗe. Jira take a kira ta ofis, a yi mata tsawa, a kira Abbu, ko dukanta ne a yi. So take wani ya karanta abin da ta rubuta ya fusata.

Aka raba takardu. Jan biro ya bi kowane shafi da alamar daidai, har kan albasa da tafarnuwa. A ƙasa an rubuta, "Da kyau ƙwarai." Ta zo ta ɗaya. Shahzeb ya zo na uku.

Ta jira kowa ya fita, ta ajiye takardar a gaban Malama Rubina.

"Malama, kin karanta?"

"Ke ai an san ki. Me zan karanta?"

"Bara ma haka aka yi? Da shekarar da ta wuce ta?"

Malama ta buɗe shafin, ta karanta layi uku, fuskarta ta canja. Ta rufe shi da sauri ta tura mata. "Je ki gida, Sumbul."

A hanya ba ta yi kuka ba. Duk abin da ta sani game da kanta shi ne ita ce ta ɗaya. Saboda shi aka tsayar da ita, da shi kuma take lallashin zuciyarta. Yanzu ba ta san ko ta taɓa cin wata jarrabawa a rayuwarta ba.

A gida biki aka yi. Abbu ya sayo kwalin alewar laddu aka raba wa duk lungun. Maƙwabta maza suka cika zaure, ya kira Shahzeb ya tsayar da shi a gabansu.

"Na uku a aji bakwai! Na faɗa muku yaron nan kai gare shi." Ya ɗauko jarida ya miƙa masa. "Karanta wa baffanninka abin da aka ce kan farashin auduga."

Shahzeb ya riƙe jaridar. Ya buɗe baki, ya rufe. Wani dattijo ya yi tari.

"Kunya ce," in ji Abbu, yana dariyar yaƙe. "Haka yake a gaban manya."

Da baƙi suka watse Sumbul na wanke kofuna ta ji muryar ƙaninta a tsakar gida, tana karyewa.

"Abbu, ba kunya ba ce. Ban iya ba. Baji ce take yi mini komai. Ka bar ta ta tafi ajinsu, ni a mayar da ni baya in koya."

"Rufe mini baki! Takarda ta ce na uku, kai kana cewa ba ka iya ba. Ka fi malamai sani?" Ya juyo wajen Sumbul. "Ke ce kike cusa masa wannan, ko? Don ki samu hanyar Multan?"

Ammi ta ce, murya can ƙasa, "Malik Sahib, yaron gaskiya yake..."

"Ke kuma da kika yi aji nawa?" Dadi ta katse ta. Ammi ta koma madafa.

Tun daga nan Sumbul ta daina ɗaga hannu a aji. Ta mayar wa Nimra littattafanta. Ciwon kai ya zame mata abokin zama, ta kan kifa goshi a tebur tun darasin farko, Malama Rubina kuma ba ta tashinta. Yaran ma sun gaji da tsokanarta. Wata rana Nimra ta kawo mata wata tambaya daga cikin waɗanda take gwaji da su, ta ce, "Taimake ni, ke ce gwanar irin wannan." Sumbul ta daɗe tana kallon lambobin. Da can kafin a ƙifta ido ta gama. Yanzu kanta kamar an cika shi da auduga.

"Ban sani ba," ta ce.

"Haba dai, wasa kike."

"Wallahi ban sani ba, Nimra."

Nimra ta ci jarrabawar. Ranar tafiyarta ta biyo sallama, akwatinta a ɗaure a bayan babur ɗin yayanta. Ta rungume Sumbul tana kuka, tana cewa da hutu za ta kawo mata duk abin da aka koya musu. Sumbul ta ce Allah ya tsare hanya, ta tsaya a bakin ƙofa har babur ya sha kwana.

Shekara ta ƙare, kowa ya wuce kamar yadda aka saba. Sumbul ta goge kayan makarantarta, Ammi ta ƙara musu tsawo. Ko ba komai za ta ga sabon littafi. Ba ta yi wata guda a aji takwas ba Abbu ya dawo daga sallar Juma'a fuska a ɗaure. Wansa ya tare shi a ƙofar masallaci ya tambaye shi ko 'yarsa ce ake gani, budurwa guda, tana zama benci ɗaya da samari.

"Kin girma," ya ce, bai dube ta ba. "Daga gobe ki zauna a gida."

"Abbu, ku ne kuka ce in jira."

"Na ce. Yanzu kuma na ce kin girma. Sa'o'inki duk sun wuce ajin nan, ke kaɗai ce gandamemiya a cikin yara."

"To a kai ni makarantar 'yan mata ta ƙetaren gada."

"Wa zai kai ki? Babur ɗaya ne, shi kuma Shahzeb yake kaiwa. Bari dai mu ga baɗi."

Ta ce, "Shahzeb fa? Wa zai zauna kusa da shi?"

"Wannan kada ya dame ki. Kureshi Sahib ya tabbatar mini yaron zai wuce, da ke ko babu ke."

Sumbul ta dube shi, tana jiran ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Bai ji ba. Ya ce a kawo masa abinci.

Da shekara ta zagayo, lokacin tsinkar auduga, wata mata ta shigo lungun, daga cikin masu bin gida-gida suna neman 'yan matan da ba sa zuwa makaranta. Dattijuwa ce mai tabarau da sanyin murya. Aka shimfiɗa mata a gadon igiya, Dadi ta zauna kusa da ita, Abbu na tsaye daga gefe. Aka ce Sumbul ta kawo shayi.

"Wannan fa?" matar ta tambaya. "Me ya hana ta karatu?"

Dadi ta yi ajiyar zuciya. "Baiwar Allah, mun yi iya ƙoƙarinmu. Ubanta bai taɓa gajiya da biya mata ba. Amma shekara biyu ta yi a aji bakwai, kowa a lungun nan shaida ne. Har ƙaninta ya zo ya same ta, ga shi yanzu ya wuce ta. Shi na uku yake zuwa. Ita dai Allah bai ba ta kan karatu ba, amma kin ga hannunta a girki, sai kin ci."

Matar ta dubi Abbu. Abbu ya dubi ƙasa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. A ƙofar madafa Ammi ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Matar ta karɓi shayin, ta kama hannun Sumbul cikin tausayi. Ta yi mata magana a hankali, kalma-kalma, yadda ake yi wa ƙaramin yaro.

"Kada ki damu, 'yata. Kowa da irin baiwarsa. Muna da ajin yamma na masu koyon baƙi. Kin iya rubuta sunanki?"

Maganganu suka cika bakin Sumbul. Ta dubi mahaifinta, mutumin da ya san komai, wanda kalma ɗaya daga bakinsa za ta wanke ta. Yana ta goge ƙurar da babu ita a hannun rigarsa.

"Na iya," ta ce.

"Madalla! Kin gani? Ai kin yi ƙoƙari."

Haka labarin ya zauna a lungun. Duk wanda ka tambaya zai ce maka Malik Ashfak mutumin kirki ne, ya sa 'yarsa a makaranta, ita ce ta kasa. Ba wanda ya dake ta, ba wanda ya hana ta abinci, ba a yi mata abin da maƙwabci zai ji ya leƙo ta katanga ba. Shekara ɗaya kawai aka ce ta ba da, ta bayar, aka karɓa, sannan aka juya aka ce tata ce gazawar. Makarantar Kureshi Sahib na nan, bana ma ba wanda ya faɗi. Shahzeb na aji tara, yana tsoron duk wanda ya miƙo masa takarda.

Sumbul ta kwashe kofunan ta kai bakin famfo. Daga ƙofar gida tana jin Dadi na rakiyar baƙuwa, tana cewa a gaida gida, an gode da kulawa.